Kunkuru Huɗu da Tawadar Bashi: Sharhi a kan Kundin Farko na Teenage Mutant Ninja Turtles

Bahaushe ya ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. A ƙarshen shekarar 1983, wasu masu zane biyu da ke zaune a gida ɗaya a garin Dover na jihar New Hampshire ta Amurka, waɗanda ba su taɓa jin wannan karin magana ba, suka share wa kunkuru hawaye: suka ba shi yatsu uku a kowane hannu, suka tsayar da shi a kan ƙafa biyu, suka ɗaura masa ƙyalle a ido, sannan suka damƙa masa makami. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu cikin shekarun 1990 yana leƙa talabijin ko kaset ɗin bidiyo, da wuya a ce bai san abin da ya biyo baya ba. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne kafin katun ɗin mai launi da barkwanci, akwai wata mujallar zane baƙa da fari, mai duhu da jini, wadda mutum biyu suka buga da kuɗin bashi. Ita ce kamfanin IDW ya tattara fitowarta ta farko-farko a cikin kundin da ya kira The Ultimate Collection, juzu'i na ɗaya, kuma shi ne abin da nake so in yi sharhi a kansa.

Kundin yana ɗauke da fitowa ta 1 zuwa ta 7 na mujallar, waɗanda suka fito tsakanin 1984 da 1986, haɗe da fitowa guda ta musamman a kan Raphael wadda aka buga a 1985. Nawa mai bango mai tauri ne, shafukansa sun haura 300, kuma ya fi littafin zane na yau da kullum tsawo da faɗi. Bayan kowace fitowa akwai shafukan bayani inda masu zanen, Kevin Eastman da Peter Laird, suke waiwayar aikin nasu. Farashin da aka sa masa a can ya kusa dala 50, amma kafin ya iso hannuna kuɗin dako ya kusa kamo kuɗin littafin, kuma kamfanin da ya yi jigilar ya kawo mini shi da kusurwa ɗaya a lanƙwashe kamar an jefo shi daga bayan mota. Wannan ba laifin masu bugawa ba ne, na dai ambata ne domin wanda zai yi oda daga waje ya roƙi a naɗe masa da kyau, saboda littafi ne mai nauyi, kuma nauyin nasa ne ke ɓata shi idan ya faɗi.

Na saye shi ne ina tsammanin zan sake ɗanɗana ƙuruciya. Ƙuruciyar ban same ta ba, sai na sami abin da ya fi ta amfani a gare ni: damar kallon mutum biyu suna koyon sana'a a bainar jama'a, shafi bayan shafi, ba tare da wani edita ya share musu kurakurai ba. A ganina a nan darajar wannan kundi take, kuma a kan wannan ma'auni zan yaba masa in kuma kushe shi.

Yadda abin ya faro sananne ne, domin su biyun sun sha ba da labarinsa. Laird, wanda aka haifa a 1954, ya riga ya ɗan goge da yi wa jaridu zane a yankin Northampton na jihar Massachusetts, a kan kuɗi kaɗan. Eastman ɗan jihar Maine ne, Laird ya girme shi da shekara takwas, kuma girki yake yi a gidan abinci don ya riƙe kansa. Son aikin Jack Kirby, shahararren mai zanen labaran jarumai na Amurka, shi ne ya haɗa su. Suka raɗa wa kamfaninsu suna Mirage Studios, wato kawalwalniya, saboda babu wani ofis ko ɗakin aiki, falon gida ne kawai da kujeru. Wani dare suna zaune suna zane, Eastman ya zana kunkuru a tsaye da sandunan faɗa na nuncaku a damtsensa, don kawai ya ba abokinsa dariya. Laird ya mayar masa da nasa. Daga nan aka zana guda huɗu, kowane da makaminsa, aka ƙara wa sunan kalmomi har ya zama wannan dogon suna mai ban dariya. Sunayen kunkuran kuwa daga mashahuran masu zane da sassaƙa na Italiya aka aro su: Leonardo, Raphael, Donatello da Michelangelo, wanda ma suka yi kuskuren rubuta sunansa da ƙarin harafi, kuskuren ya bi shi shekara da shekaru.

Ba wasan ne ya ba ni mamaki ba, domin duk inda masu zane biyu suka zauna ana irin wannan. Mamakin shi ne da gari ya waye ba su jefa takardar a kwandon shara ba. Suka zauna suka yi wa abin dariya labari mai shafi 40, suka kuma zana shi da fuska a murtuke, babu inda suka ƙyafta wa mai karatu ido don su nuna masa cewa wasa suke yi. Da aka gama, Eastman ya kawo rarar kuɗin haraji da gwamnati ta mayar masa, suka haɗa da ɗan abin da ke hannunsu da rancen da baffansa ya ba su, aka buga kwafi wajen 3,000. A watan Mayu na 1984 suka kai ta wani taron masu sha'awar littattafan zane a garin Portsmouth na jihar New Hampshire, ana sayar da kowace ɗaya dala ɗaya da rabi.

Mai buɗe kundin zai fara cin karo da kunkuran huɗu a wani lungu mai shara, bayansu a jikin bango, 'yan daba sun yi musu ƙawanya, Leonardo yana ba da labarin da bakinsa. Da ka juya shafi sai hoto guda ya cinye shafi biyu, su huɗun sun yi tsalle sun nufo ka da makamai. Na daɗe a kan waɗannan shafuka biyu fiye da yadda na daɗe a kan wasu fitowa sukutum. Jikin kunkuran guntu ne, a dunƙule, ƙafafu kamar turmi, idanu farare fat babu ƙwaya. Idan ka kawo ma'aunin makarantar zane, za ka sami abin gyara a gwiwa da kafaɗa. Amma hoton yana da nauyi, kana jin cewa idan ɗayansu ya faɗo maka sai an kwashe ka. Masu zane da yawa sun fi su iya jikin mutum nesa ba kusa ba, amma ba su iya sa takarda ta yi wannan nauyin ba.

Rabin sirrin yana cikin takardar da suka yi amfani da ita. Ba su da kuɗin buga launi, kuma ba sa son aikin ya fito fayau, baƙin layi a kan fari kawai. Sai suka nemi wata takarda mai suna Duo-Shade, wadda masu zanen jaridu suka daɗe suna aiki da ita. A ido fara ce tas, amma an riga an buga mata siraran layuka iri biyu waɗanda ba a gani. Akwai ruwan magani kala biyu: idan ka shafa na farko da buroshi sai layuka masu haske su bayyana, idan ka shafa na biyu sai wasu layukan su gitta na farkon, wurin ya yi duhu. Ke nan mai zane yana fentin inuwa ne da ruwan da ba shi da launi, kuma inda buroshi ya taɓa ya taɓu ke nan, ba a gogewa. Wannan ne ya ba birnin Niyok na cikin labarin kamannin wuri mai hayaƙi da danshi, bulo ɗin bango kamar za ka shafa ka ji kaushi, ruwan lambatu kamar za ka ji wari. Tuni kamfanin da ke yin takardar ya daina yin ta, yanzu sai dai a kwaikwaya da kwamfuta, kuma duk wanda ya ɗora kwaikwayon kusa da na asalin zai ga na kwamfutar ya cika tsafta.

A nan girman kundin ya yi rana. Na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu na duba wani shafi inda Splinter, ɓeran da ya reni kunkuran, yake zaune yana ba da tarihi, sai na ga inda buroshi ya tsallake layin tawada ya shiga cikin fuska, da inda ruwan maganin ya ƙare a tsakiyar shafa aka sake tsomawa, har gaɓar ta fito. Ƙaramin bugu a takarda mai araha zai haɗiye irin waɗannan. Sai dai kuma akwai shafukan da inuwar ta yi duhu fiye da kima, musamman a wuraren faɗan dare, har sai ka ƙura ido kafin ka raba hannu da makami. Da yake kunkuran duk kamarsu ɗaya, kuma ko a bangon mujallar mai launi dukkansu jan ƙyalle suke ɗaurawa, makamin ne kaɗai ke gaya maka wane ne wane: takubba biyu na Leonardo, sanda ta Donatello, wuƙaƙe masu baki uku na Raphael, nuncaku na Michelangelo. Idan duhu ya cinye makamin, ya cinye sunan mai shi. Launuka huɗu da yaranmu suka sani, masu katun ne suka kawo su daga baya.

Ɗaya rabin sirrin shi ne yadda suka raba aikin, ko in ce yadda suka ƙi raba shi. A manyan kamfanonin littattafan zane na Amurka aikin layi-layi ne kamar masaƙa: wani ya rubuta, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya rubuta maganganu, wani ya sa launi. Su kuwa sai su tsara labarin tare, Eastman ya zayyana yadda kowane shafi zai kasu, Laird ya fi ɗaukar nauyin kalmomi, sannan su riƙa miƙa wa juna shafi, wannan ya zana wani ɓangare wancan ya ƙarasa, da niyyar kada a sami shafin da hannu ɗaya kaɗai ya taɓa. Hannun Eastman mai zafi ne, yana son kaushi da fantsamar tawada da motsi. Hannun Laird mai sanyi ne, yana son na'ura da gini da layi mai tsabta. Wani abin nishaɗi da kundin ke bayarwa shi ne ka zauna kana cankar wane ne ya zana wannan mota, wane ne ya zana wancan hannu, kuma sau da yawa sai ka kasa, domin abin da ya fito kamar aikin wani mutum na uku ne wanda babu shi sai su biyun sun haɗu. Da harka ta buɗe, kasuwanci ya cinye lokacinsu, wannan mutum na ukun ne ya fara ɓacewa.

Labarin fitowa ta farko kuwa aro ne, kuma ba su ɓoye ba, har ma sun sadaukar da ita ga Jack Kirby da wani mai zanen, Frank Miller. A lokacin aikin Miller a kan jarumin nan makaho Daredevil yana tashe. A can malamin jarumin sunansa yana nufin sanda, a nan sai suka kira nasu malamin Splinter, wato sartse. A can ƙungiyar miyagu sunanta Hannu, a nan sai ta zama Ƙafa. Har hatsarin da ya makantar da wancan jarumi suka aro: yaro ya ture makaho daga gaban babbar mota, wani gwangwani ya faɗo ya bugi yaron, sai su suka bi gwangwanin da kallo har ya fasa kwalbar da wani yaro ke riƙe da ita da 'yan kunkuru huɗu a ciki, duka suka gangara lambatu. Dabara ce ta mai wayo, kamar wanda ya tsaya a gefen fagen wasan wani ya ce ku duba abin da ya faɗi ƙasa ba ku lura ba. Bangon ma, mai baƙi da fari da ja, gaisuwa ce ga wani aikin na Miller mai suna Ronin.

Amma idan aka cire aron, abin da ya rage labari ne mai ɗaci. Splinter ɓeran gida ne na wani gwanin faɗa a Japan mai suna Hamato Yoshi, daga cikin keji ya koyi faɗa ta hanyar kwaikwayon ubangidansa. Yoshi ya kashe wani abokin hamayyarsa a kan mace, ya gudu Niyok, ƙanin mamacin ya girma ya biyo shi ya kashe shi da matar. Wannan ƙanin shi ne Shredder. Ke nan ɓeran ya yi shekaru yana renon 'ya'ya huɗu ne don su biya masa bashin jini, kuma wanda za su kashe shi ma fansar ɗan'uwansa ya ɗauka. Masu zanen ba su tsaya sun auna wannan ba, sun wuce da gudu zuwa fagen faɗa, kuma ina ganin a lokacin ba su ma lura da girman abin da suka taɓo ba.

Babbar shaidar cewa ba su sa ran fitowa ta biyu ba ita ce sun kashe Shredder a ta farko. Mugun da daga baya ya zama ginshiƙin katun da fina-finai da kayan wasan yara, wanda siffar sulkensa ta samo asali daga magogin kicin irin wanda ake goga kuɓewa da shi, bai wuce shafukan ƙarshe na mujalla ɗaya ba. An yi faɗa a saman bene, Leonardo ya soke shi, ya miƙa masa takobi ya kashe kansa don ya tsira da mutunci, shi kuwa ya zaro gurneti, Donatello ya jefe shi da sanda ya faɗa ƙasa da gurnetin. Shi ke nan. Wanda ke lissafin gobe ba zai yi wannan ɓarna ba, kuma rashin lissafin ne ya sa fitowar ta tsaya da ƙafarta, tana da farko tana da ƙarshe, babu jan rai.

Gobe kuwa ta zo. Sun aika wa kafofin labarai takardar sanarwa, kamfanin dillancin labarai na UPI ya ɗauka, jaridu suka yaɗa, kwafin farko suka ƙare, aka sake bugawa. Da suka sanar da fitowa ta biyu, odar da ta shigo ta kai kwafi 15,000, wanda ya ishe su su bar sauran ayyuka. Akwai dalilin da ya sa hakan ta yiwu wanda kundin bai tsaya ya fayyace ba, ga shi kuwa mai karatu na wajenmu yana bukatarsa. A Amurka ta wancan lokaci akwai shaguna na musamman na littattafan zane, waɗanda ke saye daga dillalai bisa sharaɗin ba a mayar da abin da ya yi kwantai. Saboda haka ƙaramin mai bugawa yana sanin adadin da aka yi oda kafin ya je maɗaba'a, kuma abin da ya tura ya sayu ke nan. Abin ya tuna mini da marubutanmu na adabin kasuwar Kano, waɗanda su ma a cikin shekarun 1980 suka fara kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu ba tare da jiran wani babban kamfani ba. Ƙarfin halin iri ɗaya ne, bambancin yana wajen karɓar kuɗi, domin namu sau da yawa sai ya ba da littafi bashi sannan ya yi ta sintiri.

Daga fitowa ta 2 zuwa ta 7 za ka ga mutanen da nasara ta zo musu ba shiri, suna ƙirƙira suna tafiya. Ta biyu ta kawo April O'Neil, wadda a nan ma'aikaciyar kwamfuta ce ba 'yar jarida ba, da ubangidanta Baxter Stockman mai ƙera na'urorin kama ɓera. Na lura cewa a nan Baxter baƙar fata ne, masanin kimiyya mai kuɗi da kai, alhali katun na 1987 ya mayar da shi Bature. Ta uku kusan rabinta tseren mota ne da 'yan sanda, kuma a ganina ita ce mafi rauni, duk da cewa ana ganin suna gwada yadda ake nuna gudu a takarda. Daga ta huɗu sai labarin ya bar lungunan Niyok ya yi sama, aka shiga wani gini, aka tarar da wasu halittu masu kama da ƙwaƙwalwa a cikin jikin ƙarfe, wata na'ura ta wurga kunkuran wata duniya, suka faɗa hannun wasu mayaƙa masu ƙaho uku. Wannan ɓangare hannun Laird ya fi fitowa a ciki, jiragen sama da birane sun sha aiki, amma zaren labarin ya yi sako-sako, kuma maganganun sun yi yawa a wasu shafuka har suna danne zanen.

A nan ne kuma nake da ƙorafi na gaske a kan masu tattara kundin. A fitowa ta 5 kunkuran sun haɗu da wani mutum-mutumin ƙarfe mai suna Fugitoid, wanda Eastman da Laird suka ƙirƙira tun kafin kunkuran, kuma yana da tasa mujallar guda da ta fito a 1985, wadda ƙarshenta ke shiga kai tsaye cikin wannan fitowa. Ba a sa ta a wannan juzu'i ba. Ga mai neman labari kawai, giɓin ƙarami ne. Ga wanda ya sayi littafin don ya ga yadda hannun mutanen nan ya faro, an cire masa tsani na farko, domin a can ne suka fara gwada aiki tare. Littafin da ke kiran kansa cikakken tari bai kamata ya bar wannan a waje ba.

Abin da ya fi burge ni a kundin duka shi ne fitowar Raphael. Ana atisaye a gida, Michelangelo ya kayar da shi, zuciya ta ɗebe shi ya rarumi ƙarfe zai rotsa wa ɗan'uwansa kai, sai da aka riƙe shi. Ya fita cikin dare da kunya, ya ci karo da Casey Jones, wani mutum mai rufe fuska da ke yawo da jakar sandunan wasanni yana jibgar ɓarayi fiye da laifinsu. Sai ga mai zafin zuciya ya zama shi ne ke ba wani haƙuri. A fitowa ta farko kunkuran huɗu mutum ɗaya ne da makami huɗu. A nan ne karo na farko da na ji ɗayansu yana da hali nasa, kuma zanen ma ya saki jiki: akwatunan hoto sun rage yawa, an bar faɗan ya numfasa, an daina cusa magana inda motsi ya isa. Tsakaninta da ta farko shekara ɗaya ce kacal, amma ci gaban a bayyane yake ko ga wanda bai taɓa riƙe fensir ba.

Shafukan bayanin, waɗanda su ne abin da ake tallata kundin da shi, sun ba ni rabin abin da na nema. Suna da daɗin karatu, muryar mutanen a sake take, kuma ba sa jin kunyar nuna inda suka aro ko inda suka yi kuskure. Sai dai an rubuta su ne fiye da shekara 25 bayan aikin, lokacin da Eastman ya riga ya sayar wa Laird kasonsa a 2000, shi kuma Laird ya sayar wa kamfanin Viacom, mai tashar talabijin ta Nickelodeon a lokacin, da dukkan haƙƙin a 2009 a kan kusan dala miliyan 60. Waiwayen mutumin da ya yi nisa haka yakan zo da taushi. Yabon shafi da tuna daɗin zamani sun fi yawa, bayanin dalilin da ya sa aka zaɓi wannan tsari aka bar wancan bai kai yadda nake so ba. Haka nan zayyanar farko ta fensir, wadda ita ce ke nuna tunanin mai zane tsirara, ba ta ishe ni ba. Daga baya IDW ta fitar da wani bugu daban mai suna Artisan Edition wanda ya mayar da hankali ga ainihin takardun fitowa ta farko, sai dai wannan wani kuɗin ne kuma.

Ta fuskar ƙira ba ni da abin cewa da yawa. Takardar mai kauri ce, tawadar shafi ba ta leƙowa ta baya, ɗaurin yana barin littafin ya buɗe sosai har hotunan da suka ratsa shafi biyu ba sa nutsewa a tsakiya. Nauyinsa ya sa ba a karanta shi a kwance, sai a kan tebur. Akwai dai wani abu mai kama da saɓani a ganin aikin da aka yi a falo da kuɗin rance an yi masa riga irin ta manyan littattafai, kamar a zuba ƙosai a farantin tangaran, amma da yake kwafin asali na 1984 yanzu sai masu hannu da shuni a wajen gwanjo, ba ni da bakin ƙorafi.

Ga iyaye, gargaɗi ɗaya: sunan ne kawai ya yi kama da abin da yara ke kallo. A nan ana sara ana suka, jini yana zuba, kuma babu barkwancin da zai sassauta. Ɗana mai shekara tara ya hango bangon ya miƙo hannu, na ce masa ya bari sai ya ƙara girma, ya tafi yana gunaguni cewa ai ya san su. Wanda kuma ke neman ingantaccen labari mai tsari daga farko zuwa ƙarshe, kuɗinsa zai fi amfani a wani wurin.

Wanda nake ganin ya dace ya nemi kundin shi ne matashin da ke zane a bayan littafin makaranta ko a waya, yana ɗora wa a Instagram da Facebook, yana jiran ranar da hannunsa zai faɗa kafin ya fara dogon labari. Akwai irinsu da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, kuma idan kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, littafi ne da mutum huɗu za su iya haɗa hannu su saya su riƙa karɓa-karɓa, ko su nemi bugun mai bango mai laushi da ya fito daga baya, wanda ya fi sauƙi. Nawa yanzu haka yana hannun ɗan yayata, wanda ke karatun zane kuma ya shekara biyu yana gaya mini cewa labarinsa bai nuna ba tukuna. Na ce masa ya fara da fitowa ta 1, ya tsallaka zuwa ta Raphael, sannan ya dawo ya ƙirga mini kurakuran da ya gani a gwiwoyin kunkuran. Ya kira ni bayan kwana uku ya ce, “Kawu, na ƙirga goma sha ɗaya a shafi shida na farko, amma ina so ka bar mini shi zuwa bayan Sallah.”